Shanya a Ƙarƙashin Sola

Tun ina aiki a asibiti aka laƙaba mini suna Rediyo, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ba ƙarya aka yi mini ba. In na ji magana sai na faɗa, in ban ji ba sai na tambaya. Na yi ritaya, sunan ya ƙi yi. Har ɗana Auta, wanda na goya a bayan nan nawa, in ya shigo ya ji gidan shiru sai ya leƙo ɗakina ya ce, "Mama, batir ne ya ƙare?" Ɗan nema, ban san inda ya gado baki ba.

A hawa na ƙarshe na wani bene muke zaune, ni da Auta da matarsa da 'yarsu da aka sa wa sunana, muna kiranta Takwara. Matar Auta injiniya ce, kuma Injiniya nake ce mata, tun ana yi da wasa har ya bi ta. Ana cewa uwar miji da matar ɗa ba sa shan inuwa ɗaya. To su ta shafa. Ni yarinyar nan ta shiga raina tun ranar da na yi mata faɗa a kan gishiri ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Mama, ai ke kika zuba." Na ɗanɗana, na tuna, muka yi ta dariya har miyar ta kusa kamawa. Ban haifi mace ba, Allah ya ba ni ita da girmanta, ba wankin tsumma ba rashin barci.

Aikinta na wutar sola ne, amma ba ita ke hawa tsani tana ɗaura wa mutane ba. Wani lissafi ta haɗa a kwamfuta. Ka gaya masa ƙarfin rana da zafin gari da iska, shi kuma ya gaya maka yawan wutar da farantin sola zai bayar. Na ce mata wannan ai duba ne. Ta ce, "Mama, mutumin da zai kafa faranti dubu a fili yana so ya san abin da za su ba shi tun bai sayi ko ɗaya ba. Lissafina ne zai gaya masa. Amma wa zai yarda da shi in ba a gwada an gani ba?"

Gwajin ne ya kawo farantai biyu saman benenmu. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, an shafe shi da baƙin kwalta saboda yoyo. Aka kafa farantan a kan ƙafafun ƙarfe, tsayinsu ya kai ƙuguna, suka ɗan kishingiɗa suna kallon sama. Ta ce irin masu fuska biyu ne, gaba da baya duk suna shan haske. Na ce to Allah ya raba mu da masu fuska biyu, a mutane ma sun ishe mu. Aka liƙa mita da wasu 'yan na'urori masu auna rana da iska, duk suna aika labari kwamfutarta tana can ofis.

Kullum da yamma takan buɗe kwamfutar a teburin cin abinci. Layi biyu ne ke fitowa, shuɗi na abin da lissafinta ya ce, ja na abin da mita ta gani da idonta. In suka kwanta a kan juna sai ka ga Injiniya ta ƙara abinci, ta ɗaga Takwara sama tana yi mata waƙa da muryar nan tata da ba ta da daɗi ko kaɗan. Watannin farko haka muka yi su, lafiya lau.

Doka biyu kawai ta kafa mini. "Mama, don Allah kar a taɓa su, kuma kar inuwar komai ta hau kansu."

Ni kuwa ina da igiyar shanya a saman nan tun kafin a san za a haifi Injiniya. Kuma ina da fararen zannuwan gado, don wanda ya yi rayuwarsa a ɗakin marasa lafiya ba ya iya barci a kan zani mai furanni, sai ya ga kamar datti ke ɓuya a ciki. Da farko na matsar da igiyar can gefe. Sai wata rana na ga iska ta ɗaga zani inuwarsa ta lashi bakin faranti. A ranar na kwance igiyar da hannuna. Na koma share ƙasa, in shimfiɗa leda a bayan farantan har zuwa ƙarƙashinsu inda iska ba ta da ƙarfi, in baza zannuwan a kai, in danne da bulo. Abin da ke kwance a ƙasa ai ba shi da inuwa. Har yaba wa kaina na yi, na ce ina ma duk uwar miji tana da hankalina. Ban gaya wa kowa ba, ni da ba na riƙe magana, don ban ga abin faɗa a shanya ba.

Ba ni da ranar wanki. Ran da na tashi da ƙarfi na ga rana ta fito, sai in jiƙa. In hau da hantsi bayan sun tafi aiki, in kwashe kafin la'asar.

Sai layukan suka fara saɓani. Yau su kwanta tare, gobe da tsakar rana jan ya ɗaga kai ya haye shuɗin, jibi ya dawo kamar ba shi ba. Injiniya ta daina ƙara abinci.

Na leƙa ta kafaɗarta na ce, "Wai ba wutar ce ta ƙaru ba? To ai alheri ne, ki gode wa Allah."

Ta ce, "Mama, lokacin da kike asibiti, in sikeli yana ƙara wa jariri nauyi wata rana, wata rana ba ya ƙarawa, za ki ce alheri ne?"

Na ce, "Jefar da shi zan yi."

Ta ce, "To shi ake shirin yi da ni."

Ashe shugabanta a wurin aiki, wani da suke ce wa Dakta, ya yanke magana. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi: ko lissafin ne da rami, ko rufinmu ne ba wurin gwaji ba. In wata ya ƙare ba ta gano dalili ba, za ta tattara ta koma babbar tashar gwajinsu, can wani fili mai nisa da sai an kwana a hanya, ta sake komai daga farko, shekara guda cur. Auta ba zai iya barin aikinsa ba. Takwara kuwa tana shan nono, inda uwarta ta sa ƙafa nan za ta.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Wallahi ban taɓa jin tsoron shiru irin na ranar ba. Na hango gidan nan babu kukan Takwara, babu mai ce mini "Mama, kin sha maganinki?", daga ni sai Auta da ke amsa kowace magana da "uhm" yana danna waya. Shekara guda a wurin mai shekaruna ba abin wasa ba ce.

Ba irin binciken da yarinyar nan ba ta yi ba. Ta canza mita, ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta goge na'urorin, ta zargi tsuntsaye, ta zargi kanta. Takan hau da sassafe kafin ta fita, ta sake hawa in ta dawo, ta tarar da rufi baƙi ƙirin kamar yadda ta bar shi. Ni kuma ina ta yi mata addu'a ina ta wankina, don in raina ya ɓaci wanki nake yi. Rashin sani ya fi dare duhu. A makonnin nan na wanke har zannuwan da ba su yi datti ba, layin ja kuwa sai daɗa hauka yake.

Haƙoran Takwara ne suka cece mu. Ta kwana da zazzaɓi, uwarta ta ƙi fita aiki. Da hantsi yarinya ta samu barci, na ɗauki bokitina na hau. Ina durƙushe a ƙarƙashin faranti ina daidaita zani na uku sai na ji an ce, "Mama!"

Na juyo, ga Injiniya a bakin matakala, baki buɗe.

Na miƙe da sauri har na kusa buga kai. "Ban taɓa ba. Ki duba da kyau, ko yatsana bai kai ba. Inuwa kuma ki nuna mini inda take, in kin gani ki yanke mini hukunci."

Ta tako a hankali, ta durƙusa, ta leƙa bayan farantin. Ni ma na leƙa. Bayansa ya yi fes da haske, kamar an kunna masa fitila daga ƙasa. Ta sa tafin hannunta tsakanin zanin da farantin tana juya shi, tana kallon yadda hasken ke dukan bayan hannun. Sai ta zauna daɓas a kan kwalta da kayan jikinta, ta fara dariya, tana yi tana share ido.

"Tun yaushe, Mama?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Ni na auna duhun rufin nan sau ɗaya tak, ranar da aka kafa su, na sa wa lissafi cewa ƙasa baƙa ce kullum. Na hana ki inuwa, ban taɓa tunanin in hana ki haske ba."

Na ce, "Au, wato ni ce aljanar da ake nema?"

Ta rungume ni da jiƙaƙƙen zani a hannuna. A daren nan ta ƙara abinci sau biyu.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da sauran rina a kaba. Dakta ya zo gidan da kansa washegari, wani siriri mai tabarau, irin likitocin nan da ko allura ba su iya ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya hau ya ga wurin, ya sauko ya zauna a falo, na ba shi shayi. Sannan ya dubi Injiniya ya ce, "Bayanin ya yi kyau. Amma bayan an ga amsa kowa gwani ne. Ina so lissafinki ya faɗi abin da ke ɓoye masa."

Ya tsara yadda za a yi. Za ta auna hasken da farin zani ke mayarwa, ta sa a lissafinta, a rufe, ba ƙari ba ragi. Daga nan mako guda, Litinin zuwa Lahadi, ni zan yi shanya ran da na ga dama, in ƙi ran da na ga dama, kar kowa ya sani. Ita kuma ba ta hawa sama sam. Daga lambobi kaɗai za ta faɗi ranar da aka shanya da ranar da ba a shanya ba. In abin ya yi daidai, lissafi ya tsaya da ƙafarsa, ta ci gaba a nan. In bai yi ba, tasha.

Ya juyo gare ni. "Mama, ke ce alƙali. Maganarki ta ishe ni. Sharaɗi ɗaya ne, kar ki gaya wa kowa sai na dawo."

Auta ya ƙware da shayi. Sai da ya gama tari ya ce, "Dakta, ka san sunan da ake kiranta kuwa?"

Na ce, "Rufe mini baki, mara kunya. Sirrin mutane nawa na riƙe a asibiti kana cikin zani?"

Riƙe sirrin bare daban, riƙe wanda zai tafi maka da 'ya daban. Ban san haka ba sai da makon ya kama.

Ran Litinin na shanya. Da yamma Injiniya ta dawo, ta gaishe ni, ta zauna gaban kwamfutarta. Maganar tana nan a maƙogwarona kamar ƙashin kifi. Na zaga ta bayanta, na dawo, na dafa ƙugu na ce, "Wash, yau kam bayan nan nawa..."

Ta toshe kunnuwa da hannu biyu. "Mama!"

"Ciwon baya ma ba za a faɗa ba a gidan nan?"

Ran Talata ban shanya ba, amma sai na ga ai ya kamata a ce an san ban yi ba. Na bar bokiti a bushe a ƙofar bayi, inda dole ta wuce. Auta ya gani, ya ɗauke ya kai ɗakina yana girgiza kai. Ran Laraba na shanya, na fito da dutsen guga tsakiyar falo da zani ɗaya a kafaɗa, ina 'yar waƙata. Tana shigowa ta gan ni, ta juya baya da sauri ta fuskanci bango kamar ɗalibar da aka sa horo.

Daga nan inda take ta yi magana, ba dariya a muryarta. "Mama, na san don ni kike yi. Amma in na ji daga bakinki, ko na gani a hannunki, dole gobe in je in gaya wa Dakta gwajin ya lalace. Ba zan iya ɓoye masa ba. Kin ga ke da kanki kin sa ni a mota. Yanzu ma ban san ko na yau ne ko na shekaranjiya kike gogewa ba, kuma ba na so in sani."

Baki shi ke yanka wuya, yau ga nawa yana neman yanka na wani. Na naɗe zanin na koma ɗaki, ban sake ba.

Amma magana in ta taru dole ta nemi hanya. Sai na koma gaya wa Takwara. In sun fita in ɗora ta a cinya in ce, "Takwara, yau kakarki ta yi kaza, kuma in kika faɗa ni da ke ne." Ita kuwa ta kama hancina ta ja, miyau na zuba. Ban taɓa samun abokiyar sirri irinta ba. Kwanakin nan, duk da fargabar da ke cina, sun yi mini daɗi. In hau sama da sanyin hantsi, in tsaya in ga unguwa tana tashi, masu shago suna ɗaga ƙofofi, yara suna tafiya makaranta a jere, ni kaɗai na san abin da zan yi da zannuwana, kuma wai masu digiri suna can suna jiran hukuncina.

Ranar da aka sa, Dakta ya dawo da yamma. Muka zauna a falo, shi a kujerar tsakiya, Injiniya da kwamfutarta a cinya, Auta a tsaye jikin ƙofa riƙe da Takwara. Dakta ya ce ita za ta fara faɗa, sannan ni in amsa.

"Litinin," in ji shi.

"An shanya," in ji Injiniya.

Na ce, "An shanya." Kai, daɗin da na ji da kalmar nan ta fita, kamar na sauke tulu.

Talata ta ce ba a yi ba, na ce haka ne. Laraba ta ce an yi, har ta ƙara da cewa an kwashe da wuri, tun rana ba ta karkata ba. Na riƙe baki, don kuwa ranar maƙwabciya ce ta kira ni na sauko da su da ɗanshinsu. Na ce, "'Yar nan, anya ba leƙe kike yi ba?" Dakta ya yi murmushi.

"Alhamis."

Ta ƙara duban kwamfutar. "Layin bai kai na sauran ranakun ba, amma ya fi kusa da shanya. An shanya. Wataƙila zani ɗaya ko biyu."

Ran Alhamis ko sabulu ban taɓa ba.

Duk suka zubo mini ido. Babu wanda ya hau saman nan ranar sai ni, babu hoto, babu shaida, mai shaidar ɗaya tana can tana tsotsar wuyan rigar ubanta. In na ce e, magana ta wuce, mu tafi Juma'a. Kalma ɗaya ce, gajeriya, na faɗi dubunta a banza a rayuwata. Na dubi Takwara. Na dubi Injiniya, ita ma ni take kallo, fuskarta a sake, ta yarda da duk abin da zai fito daga bakina. Wannan yardar ce ta kashe ni. Zuciyata tana cewa ki ce e, tsohuwar banza, ki ce e. Na buɗe baki na rufe, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Na ce, "Ban shanya ba."

Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Auta ya sunkuyar da kai. Injiniya ta ce, "To," a hankali, ta mai da ido kan kwamfutar. Dakta ya wuce Juma'a. Sauran ranakun uku duk ta faɗa daidai, ina amsawa ina jin kamar daga cikin rijiya nake magana. A raina na riga na raka su tasha, da bakina, ni da kaina.

Da aka gama Dakta ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana yi har na ji kamar in fizge in goge masa. Sannan ya ce, "Mama, me ya hana ki ran Alhamis?"

Na ce da haushi, "A ina zan shimfiɗa? An yi ruwa da asuba, magudanar rufin ta toshe, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin farantan kamar tafki, rana ta fito tana ta ƙyalli a kai har ido ba ya iya kallo. Sai bayan azahar na samu na zungure ta da tsinken tsintsiya."

Injiniya ta ɗago kai da sauri. Ta dubi Dakta, ya dube ta.

"Ruwa a kwance," in ji ta. "Lissafina ya san ƙasa baƙa, ya san ƙasa fara. Bai san jiƙaƙƙiya ba."

"Bai sani ba," in ji Dakta, "kuma ni ma ban tuna da ita ba." Ya mai da tabarau. "Inda ya san abin da ke ƙasa, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Na yarda da shi. Inda bai sani ba kuma mun ga ramin da idonmu, tun bai kai hannun mutane ba. Rufin mutane nawa ne ruwa ke kwanciya a kai?"

Ni dai ban gane ko an ci ko an faɗi ba. Na ce, "Dakta, ka yi mini Hausa. Za ta tafi ko ba za ta tafi ba?"

Ya yi dariya. "Mama, tasharmu a kan yashi take, in aka yi ruwa kafin ka ɗauko takalmi ya shanye. Abin da ya rage mata ta auna ba ya can, yana saman kanki. Damina biyu aƙalla. Sai dai ki yi haƙuri, za a riƙa toshe miki magudana da gangan."

Na ce, "Ku toshe, in kun ga dama ku zuba kifi."

Auta ya ɗaga Takwara sama har ta tsorata ta fashe da kuka, na yi masa tas. Na tilasta wa Dakta ya ci abinci kafin ya tafi, na cika masa faranti irin cikawar da ake wa wanda aka yafe wa, ya ci yana roƙon a bar shi haka.

Bayan an watse na fito zan kai kofuna kicin, sai na ga ƙofar ɗakinsu a buɗe. Injiniya tana durƙushe a gaban gado, ta jawo wani babban akwati daga ƙarƙashi. A cike yake. Kayanta a gefe ɗaya, a ɗaya gefen 'yan rigunan Takwara da safa da hular sanyi da ban taɓa gani ba, sabuwa, ta sayo saboda can. Ashe tuni ta shirya, ta tura ƙarƙashin gado don kar in gani, ta fito tana tambayata ko na sha magani.

Na tsaya da kofuna a hannu. Ta ji motsina, ba ta juyo ba.

"Na ga bakinki, Mama," in ji ta. "Na ga lokacin da ya buɗe ya rufe. Da kin ce e da na yarda, har abada ba zan sani ba."

Na ajiye kofunan a ƙasa na shiga. Ta ciro wata 'yar riga tana ninkewa za ta mayar cikin durowa, ninkin duk ya karkace.

Na ce, "Kawo nan. Duk karatun nan naki ba a koya miki ninke rigar jariri ba?"

Ta miƙo mini. Na zauna kusa da ita a ƙasa, gwiwoyina suna ƙara, hawaye suna ɗiga a kan rigar ina gogewa da babban yatsa. Tana cirowa ina ninkewa, har muka ga ƙasan akwatin.